Birnin Cikin Makankari

A can wani zamani, tun ba a fara jan ruwa da inji ba, an yi wata mai ginin tukwane a Tungar Marke, sunanta Hansai. Tana da wani makankari da ta gada wajen kakarta, wato ɓawon nan na bakin kogi da ake kankare tukunya da shi. Shekara sittin ana gurza shi a jikin yumɓu. Jaki ya taka shi, turmi ya faɗo masa, amma ko tsagewa bai yi ba. Cikin makankarin nan akwai birni guda da ƙasashe biyu a kan hanyarsa, sai dai Hansai ba ta sani ba, sai ranar da ta matsu.

Abin da ya matsa mata kuwa mijinta ne, Jatau, mai yasar rijiya. Garin duk rijiya ɗaya yake sha, zurfinta gaba arba'in, kuma kowace shekara kafin ruwan farko sai an shiga an yashe ta, in ba haka ba ta cushe. Bangonta ya tsufa, duwatsu na ɓallowa daga sama ba sallama. Shekara biyu da suka wuce dutse ɗaya ya faɗo wa wan Jatau, Arzika, a tsakar ka, aka jawo shi da igiya ba ya numfashi. Bana aikin ya dawo kan Jatau, kuma saura kwana tara.

Ba irin abin da ba a gwada ba. An kifa masa ƙwarya, aka jefo tsakuwa don gwaji, ta dare. Maƙerin gari ya ƙera masa kwalkwalin ƙarfe, nauyinsa ya hana shi ɗaga wuya, da aka ƙwanƙwasa kuma ƙararsa ta sa ya yi kwana uku ba ya jin kiran salla. Hansai ta gina masa na yumɓu, ta tace ƙasar sau bakwai, ta gasa shi har ya yi ja, ta yi masa kauri, amma dutsen farko ya raba shi gida huɗu. Jatau dai mutum ne mai fara'a, ya ce ta kwantar da hankalinta, ai ita da bakinta ta sha cewa ba ta taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Ta yi dariya don ta faranta masa, amma tsoro bai sake ta ba, don tana son mutumin nan ƙwarai.

Da hantsi ta dama kunu ta ajiye ya huce, ta zauna tana juya makankarin a hannu. Ta dubi cikinsa inda launuka ke wasa, ta ce a ranta: kai da ba ka kai kaurin farce biyu ba, me ya hana ka fashewa? Sai ta ga hayaƙi siriri yana tashi daga cikin launukan, ta kuma ji murya.

"Ya ke 'yar Adam, shekara sittin muna jiran wani a gidanku ya yi wannan tambaya. Idan da gaske kike, ki sa ƙafar dama."

Hansai ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta yi bisimilla, ta ɗaure zaninta, ta sa ƙafa. Nan take ta koma kamar tururuwa, ta ga gefen makankarin ya zama tsauni. Ta ƙara taku ɗaya ta koma ƙanƙanuwa fiye da ƙwayar gari. A taku na uku ta tarar da wani gungume kwance ya tare hanya, ta yi tafiyar wuni guda kafin ta haye shi, sai daga baya ta gane gashin kanta ne guda ɗaya da ya faɗa ciki.

Bayan gashin ta iske wani birni yana ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kansa. Birnin Ƙarau ke nan. Ganuwarsa da gidajensa da titunansa duk daga dunƙulen ƙarau ɗaya, wato gilashi, aka fafe su, babu haɗi, babu gami. Aljanun wurin dogaye ne sirara, ana ganin bayansu ta cikin jikinsu, kuma duk a kan yatsun ƙafa suke tafiya, magana ma sai da raɗa. Suka kai ta gaban sarauniyarsu, wadda ke zaune a kan karaga ba ta ko motsi.

Hansai ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta faɗi abin da ya kawo ta. Sarauniya ta ce, "Kin zo inda ya dace. Ƙarfi yana cikin tsarki. Mun fitar da duk wani abu mai laushi daga ƙasarmu, ba mu bar ko ƙwaya ba. Babu abin da ya kai birnin nan tauri a duniyarku da tamu. Ki zaga ki gani, amma ki riƙe hannunki."

Maganar nan ta yi wa Hansai daɗi, don ita ma haka aka koya mata tun tana yarinya, cewa yumɓu mai kyau shi ne wanda aka tsince masa kowane haki. Ta fita tana zagawa tana sha'awa. To, amma wanda ya san masu ginin tukwane ya san halinsu: ba sa iya ganin abu mai santsi su wuce ba su ƙwanƙwasa shi sun ji amonsa ba. Ko a gidan biki ne, sai ka ga mai tukwane ta saci ido ta ɗan bugi randar mutane. Hansai ta yi ta danne hannunta har ta iso gindin ganuwa, can ba ta san lokacin da ta dunƙule yatsa ta ɗan ƙwanƙwasa ba.

Amon da ya tashi ba ta taɓa jin mai daɗinsa ba. Kafin ya gama sauka, wani ɗan baƙin layi ya bayyana inda yatsanta ya taɓa, ya buɗe baki, wata dabba ta fito. Siririya ce baƙa, ba ta da ƙafa, ba ta da ido, sai kai mai tsini. Aljanu suka watse suna kiran sunanta, Tsaga. Ta miƙe sak, ta ratsa ganuwa, ta ratsa kasuwa, ta ratsa fada, ba abin da ya tare ta don birnin duk abu ɗaya ne. Kafin Hansai ta rufe baki, Birnin Ƙarau ya zube.

Ba wanda ya ji rauni, don aljanu ne. Suka fito daga cikin tarkace suna kakkaɓe jiki, wasu har sun fara hura wutar narkarwa. Wata tsohuwa a cikinsu ta gaya wa Hansai cewa wannan shi ne karo na ɗari tara da goma sha ɗaya, kuma na baya atishawa ce ta jawo shi. Sarauniya ta taso daga inda karagarta take a da, ta ce, "Laifin hannunki ne, ba na birninmu ba. Ki fita ta yamma, kada ki waiwaya." Hansai ta ba da haƙuri, ta tsinci fasassun ƙarau masu faɗi ta cika bakin zaninta, don ita ba ta iya wuce abu mai kyau a yashe. Ta kama hanya, tana jin Tsaga na biye da ita ta ƙarƙashin ƙasa.

Ta yi tafiyar kwana biyu ta iso Ƙasar Danƙo. Nan kuma ba abin da ke da tauri ko kaɗan. Bishiyoyi a kwance suke girma. Gidan da aka gina da safe, kafin azahar ya baje ya zama tabarma. Aljanun wurin gajeru ne masu ƙiba, launin zuma, kowa a kishingiɗe, kuma ba ta taɓa ganin mutane masu kwanciyar hankali irinsu ba. Tsaga ta iso bakin iyaka, ta cusa kai, danƙo ya miƙe ya bi ta ya riƙe, ta ja da baya ta zagaya ta wata hanya.

Sarkinsu yana kwance a inda fadarsa ta narke. Ya saurari Hansai har ta gama, ya yi hamma, ya ce, "Ya ke baƙuwa, tun da aka kafa ƙasar nan ba abin da ya taɓa fashewa a cikinta. Ki ɗebi danƙo ki lulluɓe kan mijinki." Ta ce, ranka ya daɗe, idan dutse ya faɗo fa? Ya ce danƙon ba zai fashe ba. Ta ce kan da ke ƙarƙashinsa fa? Sarki ya ce wannan tambaya ba a taɓa yi masa ita ba, kuma tana gajiyar da shi. Ya ba ta izini ta ƙetare ƙasarsa idan za ta iya.

Taku goma ta yi ta nutse har gwiwa. Ta yunƙura ta nutse har ƙugu. Aljanun suna kallonta da tausayi, suna ba ta shawara ta kwanta kawai ta zauna da su, ai ba abin da zai same ta. Ta tuna Jatau da kwanakin da suka rage, ta ji haushi ya taso mata. Sai ta kwance bakin zani, ta ciro fasasshen ƙarau ɗaya ta shimfiɗa a kan danƙo, ta dafa. Bai nutse ba, bai kuma fashe ba. Ta ɗora wani a kansa da ɗan danƙo a tsakani, ta hau. Haka ta yi ta shimfiɗawa tana takawa, ƙarau na manne mata a tafin ƙafa hawa bisa hawa, har ta fita ɗaya gefen da wasu irin takalma masu tsawo da ba wanda ya ɗinka su.

Can gaba ta hango ganuwa mai launi bakwai, irin launin da take gani kullum a cikin makankarinta. A bakin ƙofa wani aljani ne tsaye da sanda. Bai tambayi sunanta ba, ƙafarta kawai ya duba, ya ce, "Wanda ya zo da tauri kaɗai ba ya shiga, wanda ya zo da laushi kaɗai ba ya shiga. Ke kin tako da mabuɗin ƙofa. Shiga, Magajin Tubali yana jiranki."

Birnin nan ba shi da ƙyallin na farko, kuma ba a kwance ake ba kamar na biyu. Kowa aiki yake. Magina dubu dubai suna jera wasu tubala farare masu faɗi, sirara ƙwarai, in an ɗora dubu a kan juna ba za su kai kaurin farce ba. Tsakanin kowane tubali da ɗan'uwansa ana shafa danƙo ɗan kaɗan. Magajin Tubali tsoho ne gajere, hannunsa duk ya yi kanta, gemunsa ya yi fari da ƙurar aiki. Hansai ta ga irin mutumin da za su shirya da shi, ta durƙusa ta gaishe shi.

Ya ce, "Ya ke jikar Tabawa, mun san gidanku. Kakarki ta ɗauke birninmu daga bakin kogi. Tun daga ranar, kullum safiya sai an yi mana girgizar ƙasa a jikin tukunya. Mun sha jaki, mun sha turmi. Ba mu riƙe ku a zuciya ba, don ba ku sani ba. Amma mun yi kewar ruwa."

Kunya ta kama Hansai har ta rasa inda za ta sa ido. Tana cikin neman gafara sai aka buga ganga a kan ganuwa, Tsaga ta iso. Hansai ta ce a gudu, ta ga abin da dabbar nan ta yi wa Birnin Ƙarau. Magaji ya sa aka kawo musu tabarma, ya ce ta zauna ta yi kallo.

Tsaga ta shigo da ƙarfinta, ta fasa tubalin farko. Tana fita daga cikinsa ta faɗa danƙo, danƙo ya miƙe ya riƙe ta. Ta fizge, ta ga tubali na biyu ya tare gabanta, don maginan ba sa barin bakin tubali ya yi daidai da bakin na ƙasansa. Dole ta karkata dama ta bi gefensa. Ta sami 'yar kafa ta sauka, wani tubalin ya tare ta, ta karkata hagu. Dabbar da ba ta iya kome ba sai miƙewa sak, ga ta tana yawon lungu. Kowace kwana sai danƙo ya ci mata ƙarfi. Kafin ta kai hawa na arba'in ta fara haki, a na sittin ta kwanta, ta koma ɗan baƙin layi kamar yadda ta fito. Magina suka zagaye ta suka ci gaba da aikinsu.

Magaji ya ce, "Mu ba mu hana ta shiga, ba mai iya hana ta. Gajiyar da ita muke yi. Mudu goma sha tara na tauri, mudu ɗaya na laushi, kuma kowanne a zauna da shi a wurinsa."

Hansai ta roƙi a koya mata. Ya ce za a koya mata, a kuma ba ta kayan aiki, da sharaɗi ɗaya: ranar da mijinta ya fito daga rijiya, ta mai da makankarin kogi. Sharaɗin ya yi mata nauyi, don abin nan shi kaɗai ya rage mata na kakarta, kuma hannunta bai san wani makankari ba sai shi. Amma ba ta daɗe tana tunani ba, ta ce ta yarda.

Kwana arba'in ta yi tana leburanci a cikinsu, kuma ta sha cewa ba ta taɓa jin daɗin aiki kamar na kwanakin nan ba. Suka koya mata cewa tubalan nan ba a jera su da ƙarfi. Ana zuba su a ruwa mai ɗan danƙo, a tsoma abin da ake so a rufe, a ɗaga, a bar su su kwanta da kansu, a shanya a inuwa, a sake tsomawa. Suna yi mata dariya in ta yi gaggawa, ita kuma tana yi musu dariyar yadda suke tsoron atishawa tun da suka ji labarin maƙwabtansu. Ran tafiya aka ɗora wa raƙuma dubu bakwai da ɗari shida tubali, aka ɗora wa ɗari huɗu danƙo. Magaji ya rako ta har gindin gashin nan, ya ce, "Abin da muka ba ki cikakke ne. Kada ki ƙara masa, kada ki rage."

Ta yi taku uku ta ga kanta a tsakar gidanta. Kunun da ta ajiye bai gama hucewa ba. Kayan raƙuma dubu takwas ɗin nan kuwa, ga su a gabanta cikin ƙwarya guda, wani farin gari mai ƙyalli da ɗan ruwan ƙasa-ƙasa a kansa.

Ta shanye kununta ta kama aiki. Ta sami ƙoƙo daidai kan Jatau, ta yi ta tsomawa tana shanyawa, kwana uku ba ta ko leƙa ƙofar gida ba. Kwalkwali ya fito, mara nauyi, launinsa dishi-dishi. Ta ƙwanƙwasa shi, ta ji amon ya mutu, irin na ɗanyar tukunya. Nan hankalinta ya ƙi kwanciya. A gidan masu tukwane, abin da bai shiga wuta ba bai zama abu ba, kuma ba abin kunya kamar a ce ka miƙa wa mutum ɗanyen gini. Ta ce a ranta ai gashi a wuta ba ƙari ba ne, ba kuma ragi ba ne, ƙarasawa ce. Mu ma da muna wurin, da wuya mu hana ta, don haka muka taso muka ga ana yi. Ta tara kara da kashin shanu, ta sa kwalkwalin a tsakiya, ta cinna wuta.

Ya fito fari fat, gwanin kyau. Ta ƙwanƙwasa, ya yi amo mai daɗi, irin wanda ta taɓa ji sau ɗaya a gindin wata ganuwa. Ta gane amon tun kafin ta ga baƙin layin. Kwalkwalin ya dare a hannunta ya zube, don wuta ta cinye danƙon tas, ta bar tubali tsirara.

Ta ɗauko makankari ta yi ta kira, ba hayaƙi, ba murya. Jatau ya shigo ya same ta zaune cikin toka tana hawaye. Ta gaya masa duk abin da ya faru tun daga taku na farko. Wani mijin da sai ya ce rana ce ta buge ta, amma shi ya tsuguna ya murza garin a yatsa, ya ce tubalan ai suna nan, wuta ba ta ci su ba, abokin zamansu kawai ta kora. Ya tambaye ta ko duk ƙasar nan babu abu mai danƙo sai a wurin aljanu.

Hansai ta share ido ta tashi. Ta je wajen maƙwabciyarta Iya Cima, wadda mijinta magini ne, ta karɓo makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da shi don kada ruwa ya ci. Ta ɗebo ƙaro a jikin bishiya ta jiƙa. Ta tattara garin tubalin daga cikin toka, ta auna da murfin tulu, goma sha tara na gari, ɗaya na danƙo. Gwajin farko ya yi ruwa, na biyu ya yi kauri, na uku da ya bushe ta lanƙwasa shi ya ɗan ba da kai ya dawo. Saura kwana biyar, kuma hannu ɗaya ba zai iya ba. Iya Cima ta tara matan unguwa, aka jera a inuwar marke, wannan ta tsoma, wannan ta yi fifita, wannan ta jefa tsakuwa a ƙwarya don kada a manta hawa nawa aka yi. Ana aiki ana hira ana tsokanar Hansai, wai mai tukwanen da ke gudun wuta. Da aka cika hawa dubu biyu ta shafe shi da kakin zuma, ta yi masa matashi da auduga a ciki. Ba shi da kyan gani, launinsa kamar na tsohon bango, kuma in an ƙwanƙwasa ba ya cewa kome. Hannunta ya yi ta ƙaiƙayin wuta, ta zauna a kan hannun.

Ran aiki da sassafe gari ya taru a bakin rijiya. Jatau ya ɗaura kwalkwali, ya juya wuya dama da hagu, ya ce ko hularsa ta Juma'a ta fi wannan nauyi. Aka yi addu'a, aka zura shi da igiya. Guga na sauka fanko yana hawowa da laka, har rana ta take tsaka, Hansai na tsaye ba ta zauna ba. Ana cikin jan guga na saba'in, igiya ta gogi bango, wani dutse kamar kan ɗan akuya ya ɓalle. Kowa ya ji saukarsa, aka ji ya bugi wani abu can ƙasa, sannan shiru.

Masu igiya suka tsaya cak. Iya Cima ta riƙe hannun Hansai. A nan ne, a daidai wannan wuri, aka tsaya shekara biyu da suka wuce ana kiran Arzika. Hansai ta durƙusa a bakin rijiya, ta leƙa cikin duhu, ta yi kira.

"Maigida."

Igiya ta motsa sau biyu. Murya ta taso daga zurfin gaba arba'in, tana amsa kuwwa a bango.

"Hansai, ki ce wa masu guga su ci gaba. Saura kaɗan in ga idon ruwa."

Da la'asar aka jawo shi, laka har wuya, yana dariya, wuyansa kawai ya ɗan sage. Hansai ta cire kwalkwalin ta duba a rana. A tsakar kansa akwai wani ɗan baƙin layi. Ya shiga, ya karkata dama, ya karkata hagu, ya sake karkatawa, bai kai tsawon ɗan yatsa ba ya tsaya. Ta juya cikin kwalkwalin ta shafa, sumul yake, ko alama babu. Ta san dabbar da ke kwance a wurin, ta kuma san a gajiye take.

Ba ta bari rana ta faɗi ba. Jatau ya yi wanka ya raka ta bakin kogi. Ta ciro makankarin daga bakin zani, ta shafa shi da babban yatsa inda yatsan kakarta da na uwarta da nata suka yi masa gurbi. Ta yi godiya, ta shiga ruwa har gwiwa, ta ajiye shi a hankali a kan yashi. Suna tsaye suka ga ƙananan kumfa suna tasowa a jere, Hansai kuma ta rantse ta ji ganga can ƙasa-ƙasa, irin ta ranar biki.

A hanyar gida Jatau ya tsinci wani makankari a gefen ruwa ya miƙa mata, ya ce ga madadi. Ta karɓa, ta duba cikinsa da kyau, ta kara a kunne, sannan ta yi sallama. Da ta ji ba a amsa ba, ta ɗaure shi a bakin zani.

Nan labarin Hansai ya tsaya. Jatau ya yashe rijiyar nan sau goma sha huɗu bayan wannan, da kwalkwali ɗaya, kuma a kan tabarmarsa ya tsufa.